Wutar da Ba Ta Kai Sha Biyu Ba

Ga wani misali, ku riƙe shi da kyau. An yi wani manomin dankali a tsaunukan Filato, yana da tsohuwar akori-kura wadda amininsa ke tuƙa masa shekara goma sha bakwai. Sanyin safiyar can ba ya raga wa tsohon inji, kullum sai an yi turi kafin ta tashi. Da abin ya ishe shi, sai ya sayo wata kafireta mai cok na lantarki. Shi cok ɗin wata 'yar ƙofa ce a bakin kafireta, tana tare iska in inji na da sanyi domin fetur ya yi yawa mota ta tashi, sannan wuta ta ɗumama ta a hankali har ta buɗe. Mai shagon da ya sayar masa ya ce masa ya kai wa rewaya, mai gyaran wutar mota, ya jona. Shi kuwa ya dubi abin, waya ɗaya ce tal, ya ga ba sai an je gareji ba. Ya laluba ya ga koyil, mai ba fulogi wuta, shi ne mafi kusa, ya ɗora fitilar gwaji ta kama, sai ya murɗa wayar a nan ya naɗe da salatif. Washegari mota ta tashi bugu ɗaya, har ya yi ta ba maƙwabta labari.

Ba a yi wata biyu ba sai fetur ya fara ƙarewa a hanya. Tankin da ke kai kaya kasuwa ya dawo, yanzu sai ya tsaya a rabin dawowa. Direban ya ce salansa na fitar da baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi ƙirin, a duba kafireta. Amma mai mota ba ya son a taɓa aikin hannunsa, ga kuma masu kawo masa tsegumi cewa an ga motar tsaye kusa da 'yan bumburutu. Ran nan a kasuwa, a gaban masu lodi, ya miƙa wa direban hannu ya ce, "Ba ni makullina. Na gaji da ciyar da ɓarawo." Direban ya tsaya yana kallonsa, ya ciro makulli ya sa masa a tafin hannu, ya ce, "Allah ya sani." Ya ɗauki butarsa da dardumarsa daga bayan kujera ya tafi.

Mai mota ya koma tuƙi da kansa, shan mai bai ragu ko kaɗan ba. Tun a makon farko jikinsa ya yi sanyi, amma girman kai ya hana shi magana. Ana cikin haka inji ya buga a kan hawa, da buhunan dankali cike a baya. A gareji wani dattijon rewaya ya sunsuni baƙin mai ya ji warin fetur, ya bi wayar nan da yatsa har jikin koyil, ya ɗora mita. "Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin? Cok wuta mai ƙarfin volt sha biyu yake so cif, nan kuwa bakwai ce, don an rage wutar saboda koyil. Ƙofar nan ba ta taɓa buɗewa duka ba. Motarka ce ke shanye man, har ya wanke mata ciki." Cikin minti biyar ya mayar da wayar inda wuta ke zuwa cikakkiya in an murɗa makulli.

Mai motar ya sa aka gyara inji, ya wanke mota, ya tuƙa ta har ƙofar gidan amininsa. Aminin ya fito ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa, ya ji bayani har ƙarshe, ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma da aka miƙa masa makulli sai ya girgiza kai, ya ce 'ya'yansa sun riga sun ji sunan da aka kira shi da shi a kasuwa. Haka mutumin ya juya shi kaɗai, inji na tafiya lafiya lau, shi kuwa ko hanya ba ya gani sosai saboda hawaye. Gaskiyar Hausawa da suka ce magana zarar bunu ce.