Gahawar da Baƙo Ya Ƙi Sha

Baƙon ya karɓi gahawa, ya dire finjalin a ƙasa bai kurɓa ba. A tantunan Larabawan hamada kuwa, wannan alama ce da buƙata aka zo.

Tsohuwa tana leƙe ta bayan labule. Harshensa na ƙetaren iyaka ne, ƙasar da ɗanta ya je yaƙi. Lallai fansa ya zo ɗauka, ta raya a ranta. Tuni ta tura ɗan nata ya ɓuya a bayan buhunan alkama.

"Sha gahawarka, ɗana," mijinta ya ce wa baƙon. "Lafiya dai?"

"Baffa, sai na ga ɗanka zan sha. Shekara tara ina cigiyar sojan da aka umarta ya harbe ni, amma ya harbi sama."