Kwale-kwale Mai Mazauni Biyu

Ranar nan Tatsuro ya riga kowa isa bakin tafkin Biwa, a ƙasar Japan. Shekara shida ke nan yana tuƙa ƙaramin kwale-kwalensa shi kaɗai, amma yau sabo ya sauke daga mota, mai mazauni biyu. Ya gyara matakin ƙafa na gaba daidai tsawon Michiru, wadda yake so, ya zaɓo mata filafili marar nauyi da rigar ceto ruwan ɗorawa. Bawan Allah, bakinsa ba zai iya furta "ki aure ni" ba, iyakar dabararsa ke nan.

Da Michiru ta iso, ta daɗe tana kallon mazaunin gaban. Ta gane.

"Tatsuro-san, ina tsohon naka?"

"Na ba ƙanena."

"Kai dai ba ka da wayo," ta ce, tana dariyar yaƙe.

"Shiga ki gwada mana. In matakin ya yi miki nisa, sai in matso da shi."

Ba ta shiga ba. Ta ɗaga filafilin, ta mayar a hankali.

"Jibi zan koma Akita, can arewa mai nisa. Babana ya daina gane hanyar gida, kuma ba shi da kowa sai ni. Ba zan ce ka jira ni ba."

Ta nuna mazaunin gaban, ta ƙara da cewa:

"Kuma kada ka tuƙa wannan ba kowa a gaba. Ka ɗora buhun yashi a wurina, in ba haka ba iska za ta yi ta juya ka."

Bayan tafiyarta, ya durƙusa a bakin ruwa yana cika buhu da hannunsa, yana ƙiyasta nauyinta.