Ta Ƙasan Firiza

"Mai kaji, ƙara cinya," na ce, ina tura masa kwanon nama. Ya ƙara.

Daskararrun kaji yake sayarwa a layinmu. In aka ɗauke wuta suka narke suka fara wari, sai ya wanke ya mayar firiza. Jikata ta ci, aka kwantar da ita asibiti. Ya rantse kajinsa lafiya lau.

Shi ya sa na gayyace shi cin abinci tare da maƙwabta. Da ya suɗe yatsunsa na ce, "A shagonka aka sayo, ta ƙasan firiza."

Ya zabura yana tura yatsa a maƙogwaro. "Baba, ta ƙasa? Ai waɗannan sun ruɓe!"

Kowa ya tsame hannu yana kallonsa.

Na ce, "Ku ci abincinku. Zakarana ne, da safe na yanka."