Ƙullin Ƙasar Sawun Yaya

Ranar da Yaya Sani ya bar Dutse zuwa karatu a Bagadaza, Inna ta ɗebi ƙasar sawunsa a ƙofar gida, ta ƙulle a tsumma, wai ita za ta jawo shi gida. Ta ɓoye a ƙarƙashin katifarta.

Wata la'asar, ina shekara bakwai, na tsinci ƙullin. Na zata turaren amare ne. Na kwance shi a tsakar gida, da na ga ƙasa ce sai na zubar, na bi da tsintsiya. Ina cikin shara aka faɗa a rediyon Baba cewa shugaban Amurka ya ba da umarnin kai wa Iraƙi hari.

"Malam, me yaron nan ya yi masa?" in ji Inna.

"Bai ma san da shi ba," Baba ya ce. "Yana kan kujerarsa ya sa hannu."

Inna ta faɗa ɗaki, na ji tana ɗaga katifa. Ta fito ta ga tsumman a hannuna.

Yaya bai dawo ba. Na girma, na san wanda ya sa hannun. Amma har yau, in na ɗauki tsintsiya, nawa hannun nake tuhuma.