Maƙwabciyar Rahila a Libreville

Taksi na bakwai ya wuce Rahila ba tare da ya tsaya ba. Wata mata mai ciki da ke gefenta ta yi dariya.

"Ƙanwata, nan ba a ɗaga hannu a yi shiru. Ki faɗi inda za ki da abin da za ki biya. In ya yarda, zai yi miki oda."

Matar ta leƙa tagar mota ta gaba, ta ce "Mont-Bouët", sunan kasuwa, da wani abu cikin Faransanci, direban ya danna oda. Haka Rahila ta san Mairamou, 'yar Maraɗi mai sayar da tuwo a kasuwa, wadda gidanta ke bayan ɗakin da coci ya kama wa Rahila a unguwar Derrière la Prison.

Daga Ƙafur aka aiko Rahila aikin bishara cikin Hausawan Libreville. Abin da ta faɗa wa dattawan coci ke nan, kuma gaskiya ne. Abin da ba ta faɗa ba shi ne Ɗanlaraba, wanda ya kai gaisuwa gidansu kafin a turo shi wannan aikin. Shekarar farko yana kira kullum. Daga baya lambarsa ta daina shiga. Faston nan ya ce ya ajiye makullin ɗaki wata safiya, ba a sake ganinsa ba.

Da yamma Mairamou ta shigo da kwanon tuwo da miyar kuka mai wake a ciki, irin ta gidan su Rahila.

"Maigida ne ya ce mun yi baƙuwa, in kula da ke."

Maigidan yana tuƙin kamiyon, babbar motar ɗaukar katako, daga daji zuwa tashar jirgin ruwa, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Mairamou ba ta taɓa kama sunansa ba. Rahila ba ta yi mamaki ba, ita ma mahaifiyarta har ta tsufa ba ta kira sunan Baba ba.

Mairamou ce ta koya mata cin rogon da ake naɗewa a ganye, ta raka ta neman takardar zama, ta nuna mata lungun da ruwa ke cinyewa in an yi ruwan sama. Ta san aikin da ya kawo Rahila, ba ta taɓa canza mata fuska ba. In lokacin salla ya yi, Rahila ce ke tsare mata tukwane.

Wata rana Rahila ta nuna mata hoton Ɗanlaraba a waya. Mairamou ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Libreville babba ce," ta ƙara mata kifi a kwano. Da Rahila ta shiga ɗakin Mairamou washegari, ta ga ƙusa a bango da wani fili mai haske a ƙarƙashinta. Ta ɗauka kalanda ce ta faɗi.

Ana cikin wanke-wanke wata Asabar Mairamou ta fara rera wata waƙa da hanci, babu kalmomi. Kofin da ke hannun Rahila ya suɓuce. Ɗanlaraba ne ya tsara wannan waƙar wa mawaƙan cocinsu a Ƙafur, kuma ita ya fara rera wa a ƙarƙashin dalbejiyar gidansu.

"Yaya, a ina kika ji wannan?"

"Maigida ke yin ta in yana wanke mota."

Rahila ta koma ɗaki ta durƙusa tana kuka tana godiya. Ashe Ɗanlaraba ya yi aiki a nan. Ya zauna da wannan direban, ya shuka masa wani abu a zuciya har ya kai gida. Mutumin da ya koyi waƙarsa ba zai rasa sanin inda yake ba. Tun daga ranar take tambayar yaushe maigida zai dawo.

"Hanya ta lalace," in ji Mairamou. Wani makon kuma, "Ya zo, ya koma kina coci."

Rahila ce ta riƙe hannun Mairamou a asibiti ranar haihuwa. Ita ce ta dafa ruwan wanka har kwana bakwai. Ran suna kuwa babu uban da zai ce hanya ta lalace.

Da sassafe maza suka cika tabarmin ƙofar gida, mata na ciki. Aka shafa fatiha, sai wani ya ɗaga murya ya sanar da sunan da uba ya zaɓa: Rahila. Mata suka rangaɗa guɗa, suna ja mata mayafi, "Kin yi takwara!" Mairamou kaɗai ce ba ta ɗago kai ba.

Rahila ta ɗauki jaririyar. Za ta gode wa maigidan, sannan ta yi tambayar da ta ƙetaro ƙasashe da ita.

"Ƙanwata, ki bari tukuna," in ji Mairamou.

Amma ta riga ta kai ƙofa. Wani dattijo ya gan ta da jaririya, ya juya ya ce, "Malam Idrissa, ga 'yarka an kawo maka."

Mai farar riga da ke raba goro ya juyo, ya miƙo hannuwa biyu, sai suka tsaya a iska. Gemu ya cika masa fuska, amma bai rufe tabon da Ɗanlaraba ya samu a haɓa ba, ranar da keke ya kayar da shi da Rahila a hanyar Ƙafur.