Baƙin Talatainin Dare

Dare ya tsala, har karen maƙwabta ya haƙura, tsohuwar ta zame daga shimfiɗa tana sanɗa kamar ɓarauniya a gidan ɗanta.

Yau ce ranar tunawa da mijinta. Mu nan garin Andong, a irin wannan rana akan ajiye wa mamaci abinci a buɗe masa ƙofa, kuma ba ya zuwa ci sai talatainin dare. Amma surukar nan tata, matar ɗanta, mai baki kamar reza ta mayar da hidimar bayan faɗuwar rana, wai kowa na da aiki da safe. To, wa ya gaya wa mamacin? Zai zo ya tarar an wanke kwanuka, ƙofa a garƙame, ya koma da yunwa har baɗi.

Tana leƙa falo sai ga kyandir. Ƙofa a buɗe, shinkafa na tururi, an kafa cokali a tsakiyarta kamar yadda ake yi wa mamaci. Surukar na durƙushe gaban hoton wata mata mai ɗankwali.

"Mama," in ji surukar, "mahaifiyata ce. Ita ma a irin wannan rana ta rasu, kuma ba ta bar ɗa namiji ba. Babu mai yi mata wannan hidima."

"Shi ne kika korar mini miji, munafuka?"

Surukar ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta zubo wani kwanon shinkafar, ta kafa masa cokali.

"Matsa can. Tsohon nan bai taɓa ƙin zama kusa da mace ba." Ta share ido. "Ni ce dai ya bari ina ta jira."