Makarar Inna a Kan Titin Siminti

Tun da aka kafa dokar nauyi, duk gaɓar titin siminti da ta tsage ba a yarda fiye da mutum huɗu su hau ta lokaci ɗaya ba. Wai tsaga tana shan ruwa, tana cin ƙarfin titin.

Ran da Inna ta rasu, mu huɗu muka ɗauko makararta. Dab da maƙabarta, da muka hau wata gaɓa mai tsaga, sai fitilar na'urar ƙirga mutane da ke gefen titi ta yi ja. Ɗanlami mai gadin titi, wanda da tuwon Inna ya girma, ya sha gabanmu.

"Yaya Sabi'u, ku yi haƙuri. Ku biyar ne."

Na ce, "Ɗanlami, ta biyar ɗin gawa ce!"

"Na'ura ba ta san gawa ba, Yaya. Ɗaya ya koma baya."

Ƙanena ya zare kafaɗarsa yana hawaye. Makarar ta karkace, gawar ta zame har ƙafafun suka leƙo. Tir! Ɗanlami ko kallo bai yi ba. Ya durƙusa a gefen titi yana shafa tsagar da tafin hannu, yana cewa, "Ku taka a hankali, don Allah. Titin nan yana jin jiki."